Rainon Ciki a Gefen Filin Karnuka

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya kai ni ƙasar da ban san kowa ba, kuma bai bar ni ni kaɗai ba.

Na sauka Greensboro cikin tsananin sanyi, a farkon shekarun dubu biyu. Maigidana, Malam Sani, ya riga ni zuwa da fiye da shekara, yana aiki a wani katafaren sito na kujeru da gadaje. Tun a filin jirgi na lura ya kasa haɗa ido da ni. Sai da muka shiga mota ya faɗa mini cewa ɗakin da ya yi ta ba ni labarinsa a waya tun ina Funtuwa babu shi. Wani ɗan garinmu ne ya ce ya kama mana, ya yi ta gobe, jibi, ashe iyalai uku ya yi wa alkawarin ɗakin nan guda. Da magana ta fasu ya tattara ya bar jihar. Ba zan kama sunansa ba, yana da 'ya'ya mata da za su yi aure.

Saboda haka zangona na farko a Amurka falon Hajiya Mariyama ne, wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sayar da turaren wuta da atamfa. Ita ta ba ni bargo, ta tura akwatina, wanda take kira valis, ƙarƙashin tebur, ta ce in ɗauka gidan uwata nake. Ita kuma ta fara yi mini karatun zaman ƙasar. Kada in buɗe wa kowa ƙofa. Kada in faɗa wa kowa lokacin da mijina ke fita. Murmushin mutanen nan kuma, in ji ta, kamar sannu ne a wurinmu, ana yi wa masoyi ana yi wa maƙiyi. A shekarun nan mai hijabi in ta shiga kanti sai ta ji idanu a bayanta kamar an ɗora mata kaya, don haka ban sha wahalar gaskata Hajiya ba.

Ita kaɗai na gaya wa abin da ke cin raina. Sau biyu ina yin ɓari a gida. Na farko ya zube ne washegarin ranar da risho ya kama da wuta a gabana, na biyu kuwa babu wanda ya san dalili. Tun daga nan surukata ta yanke cewa mahaifata ba ta jure firgita, ni ma na riƙe hakan a zuciyata. Hajiya ta saurare ni tana yankan alayyafo, ta ce in Allah ya sake kawowa in rufe bakina in lulluɓe jikina, kada kowa ya sani sai ya fito fili da kansa.

Da sanyi ya yi sauƙi Malam ya zo da albishir. Wani abokin aikinsa mai suna Bulus, Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya san wata Baturiya a Pleasant Garden da ke da ƙaramin gida a bayan nata, babu kowa a ciki. Hajiya ta taɓe baki ta tambaya me ya hana shi ba 'yan cocinsu in gidan na kirki ne. Malam ya ce haba Hajiya. Ni kuwa tambayar ta zauna mini, domin dukanmu mun baro gida da tabon abubuwan da suka faru tsakanin mutanenmu da nasu.

Pleasant Garden wuri ne da shiru ke da nauyi. Ba kiran salla, ba mai talla, ba maƙwabciyar da za ki leƙa ki ari gishiri. Gidaje a warwatse, kowa in zai fita sai a mota, mu kuma mota ɗaya gare mu, tana tafiya da Malam tun da safe, har ranar Asabar. Mai gidan, Misis Karol, doguwa ce mai furfura, ta yi aski irin na maza, mijinta ya rasu. Tagar kicin ɗinmu tana kallon wani makeken fili mai ɗanyar ciyawa da aka kewaye da waya. A cikinsa akwai wasu 'yan bukkoki na tamfol masu tsayin mutum, a jere dama da hagu. Na ɗauka na wasan jikoki ne.

Asabar ɗin farko ina wanke shinkafa na ji motoci suna shigowa, sannan haushi. Na ɗaga labule. Wani baƙin mutum na gudu a tsakiyar filin, wani ƙaton kare mai baƙin baya ya biyo shi kamar an harba kibiya, ya yi tsalle ya kama hannunsa, ƙafafunsa huɗu suka bar ƙasa. Mutumin yana ihu yana ɗaga sanda, kare yana girgiza kai. Turawa kuwa suna tsaye a bakin waya da kofunan shayi, wata ma har da tafi. Shinkafa ta zube mini a ƙafa. Ina laluben waya in kira 'yan sanda sai na ga Misis Karol ta faɗi kalma ɗaya, kare ya saki ya zauna. Mutumin ya zare hannun nan gaba ɗaya, ashe wani abu ne mai kauri da ake zura hannu a ciki, an lulluɓe shi da algarara. Ya share gumi yana dariya. Bulus ne.

Da Malam ya dawo na tare shi tun a ƙofa. Ya ce wasa ne, kamar yadda muke da dambe da kokawa; ana gasa, akwai alƙalai masu ba da maki, ana cin kofi. Bulus shi ne wanda ake koya wa karnukan kamu a jikinsa, kuma son abin yake yi. Na tambaye shi ko ya san da haka kafin mu tare. Ya tsaya kwance igiyar takalmi har na gane amsar. Ya ce da ya faɗa mini da ban yarda ba, kuma falon Hajiya ba wurin zaman aure ba ne.

Ba a daɗe ba na ga alamun da na sani. Malam ya kai ni asibiti aka tabbatar ciki ne. Farin cikina bai kai gida ba tsoro ya danne shi, domin muna tsayar da mota karen nan, Kaiza sunansa, ya taso bakin waya da haushi. Na roƙi Malam mu tashi. Ya ce mu tashi zuwa ina? In yi haƙuri, ai akwai shinge.

Da farko duk Asabar sai in rufe tagogi in sa kaset ɗin karatu. Sai na gane jin haushin ba tare da ganin abin da ake yi ba ya fi razana ni. Na koma ina jawo kujera in zauna bayan labule ina kallo, hannuna ɗaya a kan marata. Da haka na san aikinsu ba tare da kowa ya koya mini ba. Ɗan kwikwiyo da tsumma ake fara masa, a ɗaure a igiya ana jan shi a ciyawa, in ya cafke a bar masa ya zagaya da shi yana taƙama. In ya tasa a ba shi wani abu kamar matashin kai na buhu, daga nan sai hannun nan mai kauri. Kaiza ya wuce duk wannan, shi gasa ake shirya masa. Bulus zai shiga ɗaya daga cikin bukkokin ya laɓe. Karol ta saki Kaiza, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zagayawa, har ya same shi. In ya same shi ba ya cizo. Sai ya tsaya daf da shi, hanci kusan a cikinsa, ya yi ta haushi. Muddin Bulus bai motsa ba, haƙori ba ya taɓa shi. Da ya yi yunƙuri kuwa, shi ke nan. Sai Karol ta ce "aus", ya saki.

Ba Turanci take yi masa ba, Jamusanci ne. Malam ya ce daga can wasan ya samo asali. Hajiya a waya ta ce a'a, don kada maƙwabci ya san abin da ake ce masa ne. Ni abin da ya fi tsaya mini ba cizon ba ne, sakin ne. Dabbar da ake kashe fushinta da kalma ɗaya ai da kalma ɗaya ake kunna ta, kuma kalmar ba a bakina take ba.

Wata ranar Talata ina shanya, iska na kaɗa mayafina, Kaiza ya zo yana dukan waya da ƙirji. Da la'asar sai ga Karol a ƙofata da wani abu kamar burodi mai tuffa a ciki. Da Turancin sakandare na kama rabin maganarta, rabi kuma hannuwanta suka cike. Ta ba ni haƙuri. Ta ce karen bai taɓa ganin mutum cikin tufa mai faɗi da ke kaɗawa ba, shi ya sa yake tsargata. A gasarsu kuma kare ba ya cin jarrabawa sai ya ratsa cikin jama'a bai ɗaga wa kowa kunne ba. Ko zan ara mata mayafi ɗaya ta saba masa da shi? Kafin in ba ta amsa ta dubi cikina, wanda ko ni ban ga ya tasa ba, ta yi murmushin nan da Hajiya ta gargaɗe ni a kansa.

"Kina da juna biyu, ko? Yaushe ne haihuwar?"

A garinmu ko yayar mutum ba ta yi masa wannan tambayar kai tsaye. Na yi kamar ban gane ba. Tana fita na juye burodin a shara na kira Hajiya.

"Tufar mai ciki take nema?" in ji Hajiya. "Kuma ta san da cikin? Wa ya gaya mata? Rakiya, ko zaren mayafinki kada ya shiga hannunta."

Malam kuwa ya ce wannan canfi ne, matar nan mai gidanmu ce, ba a hana ta ɗan ƙyalle. Da na tsare shi a kan wanda ya gaya mata, ya rantse ko Bulus bai faɗa wa ba. Na rasa wanda zan bi. A ƙarshe na buɗe akwati na ciro wani mayafi ruwan goro da aka sako mini a lefe, ban taɓa yafa shi ba, yana cikin ledarsa. Shi na miƙa mata ta saman waya. In warin jikina ake nema, ba za a same shi a nan ba.

Asabar ta zagayo na ga wata 'yar Baturiya cikin abokan wasansu ta yafa shi a karkace tana kai da kawo a gaban Kaiza. Ya yi haushi, Karol ta ja igiya. Ya yi shiru, ta jefa masa wani abu a baki. Haka suka yi ta yi har ya daina kula ta. Na ce wa kaina to, ƙila gaskiya ta faɗa. Amma mako biyu bayan haka, da idona na ga Bulus ya fito daga bukka da mayafin nan rataye a kafaɗarsa yana kaɗawa, Kaiza ya taso daga ƙarshen fili ya kama shi.

Ban jira Malam ba. Da suka tashi Bulus ya zo famfon da ke kusa da shingenmu yana wanke fuska, na fito na tsaya nesa kaɗan. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi gajiya da zaman kaɗaici.

"Malam Bulus, me kuke koya wa karen nan da mayafina?"

"Au, Madam, kin gani? Gwada shi muke yi. Ko me ke kaɗawa a jikina, hannun nan kaɗai zai nema."

"Kwanakin baya ana koya masa ya ƙyale mai mayafi. Yau ana koya masa ya kama mai mayafi. Wanne zai riƙe?"

Ya yi dariya ya ce: "Madam, karen nan bai san addini ba. Ni da nake zuwa coci kowace Lahadi, ni yake ci kowace Asabar."

Ban yi dariya ba. Ya daina tasa shi ma, ya ce zai gaya wa Karol kada a sake. Ban ƙara ganin mayafin a filin ba, amma ba kullum nake bakin taga ba, kuma dariyar nan tasa ba ta amsa mini tambayata ba.

Ciki ya shiga wata na biyar, ya wuce inda na farko da na biyu suka tsaya, har na fara jin motsi. Wata Juma'a aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, reshe ya faɗo a kan wayar tarho. Malam ya ce ranar Litinin za a zo gyara, ya fita aiki da safen Asabar. Hantsi ya ɗaga ina shara na ji wani abu ya ɗaure mini mara. Na shiga bayi na ga jini.

Na san wannan jinin, na gan shi sau biyu. Na ɗaga kan waya, shiru. Ba mota, ba maƙwabci, titi ma babu mai wucewa. Mutanen da ke kusa da ni a duk duniya su ne waɗancan da ke can ƙarshen fili da karnukansu. Na zura hijabi na fita. Na tsaya a bakin shinge na ƙwala wa Karol kira, muryata ba ta kai ko'ina ba, ga haushin karnukan da ke cikin motoci. Kuma me zan ƙwala? In faɗi abin da ke damuna da ƙarfi a gaban maza? Na buɗe 'yar ƙofar shingen na shiga, da niyyar in bi gefe har in isa wurinta. Ban yi nisa ba jiri ya ɗebe ni. Bukka ta farko tana kusa, na lallaɓa na shiga inuwarta na kama ƙarfenta.

A daidai lokacin na ji muryar Karol ta ba da umarnin nan da na sani daga bayan labule. Ta saki Kaiza ya nemo wanda ya ɓuya. Ba ta san akwai mu biyu a filin ba.

Na ji ƙafafunsa a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya zagaya wata bukka, ya zagaya wata. Sai ga shi a gabana. Ban taɓa sanin girmansa ba sai ranar. Ya ja birki har ƙasa ta fantsamo mini, ya kafa hancinsa daidai cikina ya fara haushi. Kowane haushi ina jin hucinsa a bayan hannuna, yawunsa na sauka a hijabina. Ƙafafuna suka ce gudu. Marata ta ce in durƙusa.

"Madam, kada ki motsa!" Muryar Bulus ce daga can nesa, da Hausa. "Ko hannu kada ki ɗaga. Kada ki kalli idonsa. Tsaya yadda kike!"

Allah ya sani, abin da ya fara zo mini shi ne: so yake in tsaya kare ya same ni da kyau. Shi ya kawo mu gidan nan. Shi ya rataya mayafina. Amma na sha ganinsa shi kansa a tsaye cikin bukkar nan kamar gunki, kare na yi masa wannan haushin, bai taɓa shi ba. Ban yarda da bakinsa ba, na yarda da abin da idona ya gani. Na kafa ido a kan ƙarfen bukka, na bar hannuwana inda suke. Ciwo ya sake murɗa ni, na ji ɗumi yana bin ƙafata, na cije leɓe ban sunkuya ba. Ba abin da bakina ya iya kamawa sai Hasbunallahu, shi ma a zuci, don ina tsoron ko motsin leɓe motsi ne. Iska ta ɗaga gefen hijabina. Haushin ya tsaya. Na ga kansa ya bi ƙyallen, ya dawo kan cikina, sannan ya ci gaba.

Karol na gudu tana kiransa, bai ko waiwaya ba. Sai na ji wata irin kururuwa da ƙarar sanda. Bulus ne ya fito fili yana buga ƙafa yana kaɗa hannun nan mai kauri, ya juya ya ruga a guje. Kaiza ya bar ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya same shi a tsakiyar fili da ƙarfin da ya kai su ƙasa tare. Karol ta ce "aus", ta ɗaure shi.

Bulus ya iso yana ɗingishi, ciyawa a gashinsa, yana faɗa. Me ya shigo da ni, ba a gaya mini ba a shiga filin nan ana aiki ba? Karol ma tana ta magana da sauri, fuskarta ja. Turancina ya gudu gaba ɗaya. Ba ni da wani harshe sai Hausa, kuma mai jin ta a wurin namiji ne, ba muharramina ba, ba ma addininmu ɗaya ba. Na dubi ƙasa.

"Ciki gare ni. Jini nake gani."

Faɗan ya tsaya. Ya juya mini baya, kamar yadda ɗan gidan mutunci zai yi a garinmu, ya faɗa wa Karol da Turanci fuskarsa na kallon itatuwa.

A motar karnuka aka kai ni, ita ce a bakin hanya. Karol ta kwantar da kujera, ta shimfiɗa mini tawul mai gashin kare, ta ɗora ƙafafuna a kan jakarta. Tana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe nawa, ban ƙwace ba. Abin mamaki, a cikin wannan hali har da tunanin yawun da ke jikin hijabina, ko da wanne zan yi azahar. Bulus ya bi wata hanya zuwa sito ya ɗauko Malam.

A asibiti wata nas ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki ta ɗora na'ura. Ta zagaya, shiru. Ta sake zagayawa. Na rufe ido ina shirya yadda zan gaya wa Innata a waya karo na uku. Sai ɗakin ya cika da wata ƙara, fat-fat-fat, da sauri kamar tsere. Nas ta ce zuciyarsa ce. Karol, wadda ta ƙi fita, ta toshe baki da hannu ta yi kuka ta riga ni.

Likita ta ce mabiyiya ce ta zauna ƙasa, sai kwanciya, ba shara ba ɗaukar kaya. Na sa Malam ya tambaye ta ko firgitar da na yi za ta zubar da shi. Ta ce jinin ai ya riga firgitar, kuma ba tsoro ke kawo irin wannan ba. Na ji ta, amma ban ce na bar maganar surukata gaba ɗaya ba.

Hajiya Mariyama ta tattaro valis ɗinta ta dawo gidanmu jinya. Da na ba ta labari ta ce Allah ne ya kiyaye, amma in tuna wa ya saki karen. Karol ta mayar da aikin Asabar wani fili can wajen gari har sai na haihu, ba wanda ya roƙe ta. Hajiya ta ce tsoron mu kai ta ƙara kotu take yi. Ƙila haka ne, ban sani ba. Ta kan aiko da miyar kaza, Hajiya ta kan karɓa da godiya ta ajiye a gefe.

Bulus ya zo dubiya da matarsa, wata mai yawan dariya da ta kawo mini gwate. Ya zauna a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota. Na yi masa godiya, sannan na tambaye shi abin da ya hana ni barci: da na gudu fa?

Ya daina wasa da makullin, wannan karon babu dariya.

"Da ya kama ki, Madam. Ba don ke ce ba. Duk wanda ya gudu kamawa yake yi."

"Da hijabin da iska ta ɗaga?"

"Wannan ban sani ba. Ni ma a lokacin hankalina a tashe yake."

Matarsa ta harare shi don bai sassauta ba. Ni kuwa tun da na san shi ranar ce na fi yarda da maganarsa.

Da ganye ya fara zuba aka yi mini aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da ƙarfin murya. Malam da mutanen masallaci suka je wata gona suka yanka rago, aka sa mata Aminatu. Hajiya ta soya naman ta zuba a roba da mansa. Aka kai wa Karol nata, aka kai wa su Bulus.

Bayan na yi arba'in, wata safiya mai rana, na naɗe Aminatu a bargo na ɗauki tsoka guda a sauran naman sunan, ban bari Hajiya ta gani ba. Karol na bakin shinge, Kaiza na kwance kusa da ƙafarta. Na nuna mata jaririyar ta saman waya, ban matsa sosai ba. Sannan na jefa tsokar, ta faɗi daidai gaban hancinsa. Na ce a raina, ko ba komai ranar nan ya riƙe bakinsa.

Ya dubi naman. Ya ɗago ya dube ni, da ni da abin da ke hannuna. Sai ya kawar da kai gefe ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

Karol ta ce in yi haƙuri, ba raini ba ne. An koya masa kada ya ci komai daga hannun wanda bai yarda da shi ba.

Na gyara wa Aminatu bargo, na ce mata babu komai, na gane.